Ogana a banki ya ce in riƙa aiki da sunansa

Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji uku, ina karantar tattalin arziki. A wannan dogon hutu Allah Ya ba ni sa'a na samu gurbin koyon aiki na wata uku a reshen wani babban banki, irin wanda jama'a ke cika tun da safe. Ranar da takardar ta zo, babu ɗan'uwa ko abokin da mahaifina bai kira ya gaya masa ba. Makonnin farko ba abin da nake yi sai kwafar takardu, jera fayil, da nuna wa mutane layin da za su bi, har na fara jin ɓata lokacina kawai nake yi. Sai ogana, wanda ke kula da buɗe asusu, ya fara ba ni aiki a kwamfutarsa. Ya rubuta min kalmar sirrinsa a 'yar takarda, ya ce in riƙa shigar da fom ɗin sababbin asusu da sunansa idan ya fita neman kwastomomi. Da farko daɗi na ji, na ɗauka yarda ce. Amma wasu fom ɗin babu kwafin katin shaida, wani ma babu sa hannu a wuri ɗaya, kuma idan na tambaya sai ya ce in shigar kawai, masu shi za su kawo daga baya. Yanzu kuma ya ce in kawo sunaye da bayanan 'yan'uwana da ƙawayena a buɗe musu asusu, ko da ba za su yi amfani da shi ba, don ya cike adadin da aka yanka masa a wata. Ya ce ba sai na wahalar da su da zuwa ba. Mutumin kirki ne a wajena, kuma shi zai rubuta rahoto a kaina idan na gama, rahoton da nake sa ran zai taimaka a ɗauke ni aiki bayan karatu. In na ƙi, ina tsoron ya ɓata min takarda. In na ci gaba, hankalina ba ya kwanciya. Saura min mako biyar, kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Yaya zan yi?

Wata ɗaliba

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, kuma na gode da kika yarda da ni kika rubuto. Rashin kwanciyar hankalin nan da kike ji yana da dalili, kada ki bari kowa ya ce miki tsoron baƙunta ne kawai. Wasiƙarki ta ƙunshi koke biyu. Na kwafar takardu da jera fayil ƙarami ne, za mu zo kansa. Na kalmar sirri da fom marasa cika shi ne mai haɗari, kuma a kansa zan daɗe. Shawarata a taƙaice ita ce daga gobe ki daina taɓa kwamfutar nan da sunansa, kuma kada ki miƙa bayanan mutum ko ɗaya da bai zo da ƙafarsa ba. Sauran maganar duka a kan yadda za ki yi haka ne ba tare da kin tada ƙura ba gaira ba dalili.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin kwamfutar, don na lura ɗalibai da yawa ba a yi musu wannan bayani a ranar farko. Duk abin da aka shigar a tsarin banki yana barin sawu: sunan wanda ya shiga, na'urar da ya zauna a kai, rana, sa'a, har da minti. An yi haka ne don idan magana ta taso bayan wata shida ko shekara biyu, a san wanda za a kira. Shi ya sa a banki ba wa wani kalmar sirrinka laifi ne da ke iya jawo kora, ko da ba a saci komai ba. Yanzu ki duba halin da kike ciki. Tsarin yana nuna ogan ne ya shigar da fom ɗin da ƙarfe sha ɗaya na safe. Kyamarar da ke saman teburin tana nuna ke ce zaune a kujerarsa a wannan lokaci, shi kuma yana waje. Ranar da masu binciken cikin gida suka haɗa waɗannan biyu, za su tambaye shi yadda aka yi. Mai yiwuwa ya faɗi gaskiya ya ce shi ya ba ki. Mai yiwuwa kuma, mutum da iyali da tsoron rasa aiki, ya ce bai san yadda kika samu kalmar ba. A ranar ba ki da shaidar komai sai 'yar takardar nan, in ma ba ki jefar da ita ba. Ba ina cewa haka zai yi miki ba. Ina nuna miki ne cewa an ajiye ki a wurin da mutuncinki ya rataya a kan abin da wani zai faɗa cikin firgici.

Akwai kuma wata ƙa'ida da wannan aiki ke karyawa. A banki ana son duk wani muhimmin abu ya bi ta hannun mutum biyu: ɗaya ya shigar, wani daban ya duba ya amince. Wanda ke amincewa yana yin haka ne bisa tunanin cewa ma'aikacin da aka horar, wanda ya ga kwastoma ido da ido, shi ya shigar. Idan ɗalibar da ba ta ga mai asusun ba ce ta cika bayanan da sunan wani, to mai dubawar ma an yaudare shi bai sani ba.

Batun katin shaida da sa hannu kuwa, na san a ido kamar tsirfar ofis ce. Ba haka abin yake ba. Tun 1989, lokacin da ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa hukumar FATF a birnin Paris don yaƙi da halasta kuɗin haram, ƙa'idar sanin wanda kake buɗe wa asusu ta riƙa ƙarfi har ta zama doka a kusan ko'ina a duniya. Dalilin a fili yake. Wanda ya damfari wani ta waya ko ta intanet yana buƙatar asusun da zai tura kuɗin ya kwashe, asusun da ba za a iya bin sawunsa zuwa gare shi ba. Asusun da aka buɗe ba cikakkiyar shaida, ko wanda mai sunan bai ma san da shi ba, shi ne ainihin abin da irin waɗannan mutane ke nema. Ki ɗauka an buɗe wa ƙawarki asusu ba ta sani ba, ya zauna shiru ba mai duba shi, sai wani ya samu hanyar amfani da shi. Sunan da hukuma za ta fara nema nata ne, kuma wadda ta miƙa bayananta ke ce. Ko da hakan bai taɓa faruwa ba, bayanan mutum nasa ne, kuma zumunci ko ƙawance bai ba ki izinin amfani da su a bayan idonsa ba.

Kada ki ɗauka wannan abu ne da ke wucewa ba a gane ba. A watan Satumban 2016 hukumomi a Amurka suka ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, don cike adadin da shugabanni suka ɗora musu. Daga baya bankin da kansa ya ce asusun da ake zargi za su iya kai miliyan 3.5. Abin da nake so ki riƙe daga labarin shi ne, kafin shugaban bankin ya sauka a watan Oktoban wannan shekara, an riga an sallami ma'aikata kusan 5,300 a tsawon 'yan shekaru, kuma akasarinsu ƙanana ne da ke zaune a rassa. Matsin ya sauko ne daga sama, amma na ƙasa aka fara sharewa. Ke kuwa ko cikakkiyar ma'aikaciya ba ki zama ba tukuna.

Duk da haka ba na son ki tafi ofis gobe kina kallon ogan naki a matsayin mugu. Daga yadda kika kwatanta shi, mutum ne da aka shaƙe wa wuya da lissafin wata, ana kiransa taro ana karanta masa yawan asusun da ya kawo a gaban abokan aikinsa, ga shi ya samu yarinya mai hankali da saurin hannu, sai ya ga sauƙi ya zo. Wataƙila haka ya tarar ana yi a reshen, har ya daina ganin abin a matsayin laifi. Wannan zai sa ki yi masa magana da ladabi da tausayi. Amma matsin da ke kansa nasa ne da shugabanninsa, ba ke za ki ɗauke masa shi da sunanki ba. Kuma in gaya miki gaskiya, ƙin da za ki yi shi ma kare shi kike yi, domin kalmar sirrin tasa ce, shi za a fara tuhuma.

To yaya za ki faɗa masa? Ki nemi lokacin da babu kwastoma a gabansa kuma babu abokin aiki kusa, don babba ba ya son a gyara masa zama a bainar jama'a. Kada ki shiga da wa'azi, kada ki ambaci kalmar zamba. Ki ɗora abin a kanki, ki ce masa wani abu kamar haka: "Yallaɓai, na gode da yardar da ka yi min, amma gaskiya ina jin tsoron shiga da sunanka, kada in yi kuskure ya dawo kanka. Don Allah a nema min tawa hanyar shiga idan ana ba ɗalibai. In ba a bayarwa, zan riƙa tantance maka fom ɗin in ware waɗanda suka cika, in kira masu sauran su kawo abin da ya rage, kai kuma ka shigar idan ka dawo." Kin ga a nan ba ki bar shi hannu rabbana ba. Kin karɓi rabin wahalar, rabin da ya halatta ki ɗauka, kuma kiran mutane su kawo katin shaidarsu aiki ne da zai taimaka masa sosai, tunda fom marar cika a ƙarshe dawowa yake yi.

A kan 'yan'uwa da ƙawaye, amsarki ɗaya ce kuma gajera: za ki yi musu tallar bankin, duk mai so ya zo da kansa da katinsa. Wannan halal ne, kuma idan mutum uku ko huɗu suka zo da ƙafarsu, kin taimaka masa ta hanyar da ba wanda zai tuhume ku. Idan ya sake matsawa, ki maimaita maganar da murmushi. Ba sai kin kawo sabon dalili kowane lokaci ba, yawan bayani shi ke buɗe ƙofar ja-in-ja.

Kafin ma ki yi masa maganar, yau da daddare ki samu littafinki ki rubuta abin da kika tuna: ranar da ya ba ki kalmar, ranakun da kika yi aiki da ita, kusan fom nawa kika shigar, nawa ne ba su cika ba, da abin da ya ce da kika tambaya. Ki kiyaye sosai a nan: kada ki rubuta sunan kwastoma ko lambar asusunsa, kada ki ɗauki hoton allon kwamfuta ko na fom da wayarki, kada ki fita da takardar banki ko ɗaya. Mai yiwuwa kin sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri ranar da kika fara, kuma fitar da bayanan kwastoma laifi ne mai zaman kansa da zai iya juya maganar gaba ɗaya ta koma kanki. Kwanan wata da abin da ya faru sun isa. 'Yar takardar da ya rubuta da hannunsa kuwa, in tana nan, ki adana ta inda ba wanda zai gani, ki kuma roƙe shi ya canza kalmar tunda yanzu mutum biyu ne suka san ta.

Fom ɗin da kika riga kika shigar ba su cika ba, ki tuna masa da su a wannan zaman, ki ce kina so ki kira masu su a cike su kafin ki tafi. Idan ya yarda, alhamdu lillahi, an gyara ɓarakar tun ba ta yi girma ba.

Idan kuma ya ɓata rai ya dage, ko ya fara yi miki barazana da rahoton, to magana ta wuce tsakaninku. A manyan bankuna akwai wanda ke kula da ɗalibai masu koyon aiki a sashen ma'aikata, galibi shi ne ya sa hannu a takardar da ta faranta wa Baba rai. Shi ko ita za ki fara nema. Akwai kuma sashen da aikinsa shi ne tabbatar da bin ƙa'ida, kuma bankuna da yawa suna da layin waya ko adireshin imel na kai rahoto a asirce. Ki duba takardun da aka ba ki ranar farko ko allon sanarwa na ma'aikata. Idan jami'arku ce ta tura ki, malamin da ke sa ido a kan horonku yana da haƙƙin sani, kuma muryarsa ta fi taki nauyi wajen neman a mayar da ke wani sashe ko wani reshe. Idan kin je, ki faɗi gaskiya duka, har da cewa kin yi aiki da kalmar kafin ki gane haɗarin. Ɗalibar da ta kawo kanta ta ce ga abin da aka sa ni, na daina, ana kallonta daban da wadda bincike ya tono. Ba zan yi miki alkawarin cewa hanyar nan ba ta da ɗaci ba. Mai yiwuwa wasu a reshen su ɗauke miki wuta, gaisuwa ta yi sanyi. Mako biyar ne, za su wuce.

Na san abin da ya fi cin ranki shi ne rahoton. Ki rage masa girma a zuciyarki. Takardar shaidar kammala horo a yawancin manyan ma'aikatu daga sashen ma'aikata take fitowa, ra'ayin oga ɗaya ɓangare ne kawai na abin da ake dubawa. Idan lokacin ɗaukar aiki ya zo, manyan bankuna kan yi jarrabawa da ganawa, kuma suna bincikar tarihin mutum. Rahoto mai sanyi-sanyi ana iya rufe shi da kyakkyawan sakamako da iya amsa tambaya. Sunan da ya shiga fayil ɗin bincike kan asusun bogi kuwa yana iya rufe miki ƙofar wannan fanni baki ɗaya. Abin da za ki yi a makonnin da suka rage shi ne ki sa wasu idanu su ga aikinki: manajan ayyuka na reshen, shugabar masu karɓar kuɗi, mai kula da koke-koken kwastomomi. Ko ɗaya daga cikinsu zai iya rubuta miki takardar yabo, ko ya amsa waya idan an tambaya a kanki.

Wannan ya dawo da mu kan kokenki na farko, kuma a nan zan ɗan ja miki kunne. Gundurar da kika ji a makonnin farko ita ta sa kalmar sirrin ta yi miki kama da ƙarin girma. Fayil ɗin da kike jerawa ba shara ba ne. Ƙa'idojin duniya sun nemi banki ya ajiye bayanan kwastoma da na hada-hadarsa aƙalla shekara biyar, kuma ranar da kotu ko mai bincike ya nemi takarda ɗaya, wanda ya jera ta daidai shi ya fitar da reshen kunya. Ki riƙa karanta abin da kike kwafa: me ake nema wajen buɗe asusun kamfani da ba a nema a na mutum ɗaya, me ya sa wani fom ke buƙatar sa hannu biyu. Ki roƙi izinin tsayawa bayan an rufe ƙofa ki ga yadda mai karɓar kuɗi ke daidaita abin da ke aljihun teburinsa da abin da kwamfuta ta nuna, da yadda kowa ke zama ba ya tafiya gida idan lissafin bai haɗu ba. Ki lura cewa ma'ajiyar kuɗi ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun haɗu, kowa da nasa makulli ko lamba. Ki zauna yini ɗaya kusa da teburin koke, ki ji yadda ake bin sawun kuɗin da aka cire wa mutum a na'urar ATM bai fito ba, ki ga yadda gwanar ma'aikaciya ke sauko da dattijon da ya shigo yana faɗa har ya fita yana godiya. Ki nemi jami'in bashi ya ba ki minti goma sha biyar ya nuna miki abin da yake dubawa kafin ya ce a ba mutum ko a hana. Ba wanda zai zo ya ce miki zo ki koya, kowa na fama da nasa aikin, amma da wuya a kori ɗalibar da ta zo da littafi da tambaya takamaimai a lokacin da layi ya ragu. Irin waɗannan abubuwa su za ki iya faɗa da bakinki a ɗakin ganawa, su ne kuma ke bambanta wadda ta koyi aiki da wadda ta yi zaman wata uku kawai.

Wataƙila bayan wannan duka ki ji aikin banki ya fita daga ranki. Kada ki yanke hukunci da reshe ɗaya da oga ɗaya. Bayan teburin da jama'a ke gani akwai masu nazarin haɗarin bashi, masu binciken cikin gida, masu kula da tsarin kwamfuta, da masu farautar 'yan damfara. Irin idon da ya sa kika tsaya kika tambayi ina katin shaida, shi ake nema a waɗannan sassa.

Saura Baba. Na fahimci dalilin shirunki, kina jin kunyar ki rage masa farin cikin da ya yi ta yaɗawa. Amma ki gaya masa, ko ki fara da Mama ko wani babba da kika amince da shi, kafin ki je sashen ma'aikata in har abin ya kai ga haka. Ki faɗa masa abin da aka ce ki yi da abin da kika yanke, ba tare da sunan kwastoma ko ɗaya ba. Ki kuma roƙe shi kada ya kira ogan ko ya je reshen da kansa, domin hakan zai mayar da maganar aiki ta zama rigimar gida, kuma ke zai fi shafa. Abin da kike buƙata daga gare shi shi ne ya san halin da ake ciki, ta yadda idan an mayar da ke wani reshe, ko ya ji rahoton bai zo da zaƙi ba, ya riga ya ji dalili daga bakinki.